Zaharaddeen da Fankar Murhun Surukarsa

A duk cikin birnin Zazzau babu abin da ya taɓa lalacewa a gaban Zaharaddeen bai ce ya san gyaransa ba. Rediyo, keken ɗinki, famfon masallaci, har haƙorin maƙwabci. Wata huɗu kacal ya yi a Legas yana gadin wani gareji, ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa da akwatin sifanu, tun daga ranar ya hana kowa kiransa sai an sa Injiniya a gaba. In ka ba shi fitila mai ciwo ɗaya, zai dawo maka da ita da ciwo uku da ragowar kusoshi a leda, ya ce dama kamfani ne ya sa su don ado.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Shekara tara ke nan da ya auri Hafsat, ita kuwa Hafsat 'yar fari ce a wajen Inna Jummai. Matar da ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ina za ta kira na mijin 'yar? Shekara tara Inna Jummai ba ta taɓa duban idonsa ba, ba ta taɓa faɗa masa magana kai tsaye ba. In ya durƙusa gaisuwa sai ta ja mayafi ta juya, ta amsa wa bango. In ambatonsa ya zama dole sai ta kira shi da sunan unguwarsa, ta ce “mutanen Ƙofar Doka”, kamar su goma ne. Amma Isma'ila, mijin autarta, har hira take yi da shi, har ta ce masa ya rame.

Sai ga mijin Inna Jummai, Malam Yakubu, ya dawo daga aikin Hajji, aka sa walima ranar Asabar bayan La'asar. Isma'ila ya kawo sa guda, fari, mai tozo. Da kunnensa Zaharaddeen ya ji Inna Jummai ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Isma'ila,” har sau uku. Ya koma gida ya kasa cin tuwo.

“Sa!” in ji shi. “Sa ai yankawa za a yi a cinye, gobe a manta. Ni abin da zan yi wa Inna, sai jikoki sun ba da labarinsa. Da bakinta za ta ambaci sunana, ki rubuta ki ajiye.”

Hafsat ta ce, “Me za ka yi mata?”

“Ban sani ba tukuna. Amma babba ne.”

Ranar Asabar da hantsi ya shiga gidan surukai, hular kwano a ka, akwati a hannu. Kwana uku ana ruwa, itacen da aka jibge a bayan ɗaki ya sha har ya ƙoshi. Duk da haka hankalin matan kwance yake, domin murhun Inna Jummai ba na duwatsu uku ba ne. Dogon murhu ne na ƙarfe, an shafe cikinsa da yumɓu, bakinsa uku, a gefe guda akwai 'yar fanka cikin gwangwani mai aiki da batirin mota, tana hura iska ta bututu. In fankar nan ta tashi, ko ɗanyen darbejiya ka tura sai ya ci. Da murhun nan take kare sunanta a damina: shekara talatin tana girkin taron unguwa, ba a taɓa cewa baƙo ya zauna jiran abincinta ba.

Sai dai fankar ta tsufa. In an haɗa waya ba ta tashi da kanta, sai ta yi ta gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Maganinta tsinken tsintsiya: a zura ta raga, a tura fiffiken sau biyu ko uku, sai ta ɗauka ta yini tana aiki. Wata shida ana haka lafiya lau.

Zaharaddeen ya tarar da Inna Jummai a tsugune, tsinke a hannu, ta tura sau ɗaya ke nan. Tana jin sallamarsa ta saki tsinken, ta ja mayafi, ta juya wa katanga fuska. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, katanga ta amsa. Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan fankar tana gurnani.

“Subhanallahi! Tsinke? A gidan surukan Injiniya?”

Iya Mairo, mahaifiyar Malam Yakubu, tana zaune a tabarma tana yankan alayyahu. Kakar Hafsat ce, don haka ita kaɗai ce a gidan ke da ikon faɗa masa duk abin da ya zo bakinta, kuma ba ta taɓa barin ikon ya yi tsatsa ba.

“Angona na kaina,” in ji ta, “ka zo cin abinci tun ba a ɗora ba?”

“Amarya, ke dai zuba ido. Yau za ki ga aikin maza.”

“Na gani a jikin rediyona. Da tasha ɗaya take kamawa, yanzu sai kukan kwaɗi.”

Hafsat ta matso ta rage murya. “Don girman Allah ka bar ta. Turi ɗaya ya rage ta tashi.”

“Koyil ne, naɗin wayar da ke cikinta. Tun daga zaure na ji kukansa. In aka bar shi, a tsakiyar girki zai ƙone, a rasa inda za a sa kai.”

“To murhun Inna ne. Ita za ka tambaya.”

Ya koma ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. “Inna, a ba ni izini in duba.”

Nan fa ake yin ta. Ba a ce wa suruki a'a a gaban jama'a, balle mijin 'yar fari. Inna Jummai ta dubi tukunyar nama ta ce mata, “Allah dai ya rufa asiri.”

Duk macen da ke tsakar gidan ta ji kukan da ke cikin maganar. Zaharaddeen ya miƙe yana naɗe hannun riga.

“Kun ji? Har da addu'a.”

Kafin a tafasa ruwan shayi ya mai da fankar gunduwa-gunduwa. Ya karɓi faifai ya jera kayan cikinta a kai, yana ɗaga kowanne yana kiran sunansa da wani Turanci da ko a Legas ba a taɓa ji ba. Daga ƙarshe ya zaro wani ɗan sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba, ya ajiye a tsakiya.

“Wannan shi ne ran injin. In babu shi, babu komai.”

Wata kaza wake-wake da ke kiwo a gindin turmi ta ji an yaba, ta miƙa wuya ta haɗiye shi.

Zaharaddeen ya dubi faifai, ya dubi kaza. Kaza ta dube shi da ido ɗaya.

“Ku tare! Ku tare ta!”

Ya bi ta bayan rumbu, ta ɓullo ta ƙarƙashin turmi. Ya bi ta ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya fito da zanen wata baƙuwa a wuya. Ya yi tsalle zai danne ta a bakin kwata, santsin ruwan wanke-wanke ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a ciki, hular kwano ta gangara sai da ta kai ƙofar ɗakin Alhaji Yakubu. Kaza ta tashi fir ta hau katanga tana gyara fiffike.

“A kawo wuƙa,” in ji shi yana haki. “Ai dama walima ake.”

Iya Mairo ta ajiye alayyahu. “Taɓa ta ka gani. Kazata ce. Kullum ta Allah sai ta ba ni ƙwai ɗaya. Kai shekara tara kana shiga gidan nan, me ka taɓa ajiyewa?”

Mata suka tuntsire da dariya, ban da Inna Jummai, wadda ta ɗaga kai ta dubi rana. Zaharaddeen ya kakkaɓe wando ya ce dama fankar gawa ce, kazar taimakonsa ta yi, yanzu ne za a sa ta gaske. Ya ce a ba shi minti goma.

Awa biyu ya yi. Kafin ya dawo mata sun zagaye murhu da fayafai suna fifita, hayaƙi ya cika gida, idon kowa ya yi ja, ruwan tukunya ko ɗumi bai yi ba sosai. Sai ga shi da fankar lagireton wata tsohuwar bas a kafaɗa, daga wajen 'yan gwangwan na Ƙofar Doka, faɗinta ya kai murfin rijiya.

Hafsat ta ce, “Wannan ta ina za ta shiga gwangwanin?”

“Ke matsalarki ke nan, ba ki yi karatun abin ba.”

Ya naɗa kwali kamar mazurari, ya rufa da takardar buhun siminti, ya ɗaure da robar tayar keke, ya cusa bakin a bututu. Ya kori mata baya, ya tsuguna a bayan fankar daidai saitin fuskarsa, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda Inna za ta ji, ya haɗa waya.

Fanka ta tashi, ba laifi. Sai dai baya ta juya. Maimakon ta hura, sai ta zuƙo. Hayaƙin baki uku, da toka, da tartsatsi, duk suka biyo bututu suka fito a fuskar Injiniya. Kwali ya kama da wuta. Abin da ya wuce kansa kuwa ya miƙe sak ta tagar ɗakin Alhaji, inda aka rataye jallabiyoyin tsarabar Makka. Wata mata ta yi salati ta kwarara bokitin ruwa, ta kashe kwalin, ta kashe ɗan garwashin da aka yi awa biyu ana lallashi, ta jiƙe batir har ya yi ƙara ya mutu.

Zaharaddeen ya miƙe. Girarsa ta hagu babu ita.

Hayaƙin ne ya jawo Yari mai faci, wanda rumfarsa ke bakin titi. Ya yi sallama aka ba shi hanya, ya duƙa ya dubi wayoyin.

“Injiniya, ai ja ka sa a wajen baƙi, baƙi a wajen ja.”

“Da gangan ne. A Legas haka ake yi. Sai an zuƙe tsohuwar iska tukuna, sannan a zuba sabuwa.”

“To girar taka fa? Ita ma tsohuwa ce?” in ji Iya Mairo.

Yari mutum ne mai sanyin hali, kuma jikan maƙera. Ya ce zuga-zugin mahaifinsa na nan rataye a gida, fatar ba ta huje ba, in an ɗauko yanzu an samu mai ƙarfi ya zauna a kai, kafin La'asar abinci ya nuna.

“Zuga-zugi?” Zaharaddeen ya riƙe haɓa. “Fatar akuya? A wannan zamani? A walimar mutumin da ya hau jirgin sama? Yari, kana so a yi da mu a birni?”

Ana cikin haka aka kira Azahar. Isma'ila ya leƙo daga zaure cikin farar shadda, yana ƙamshin turare, ya durƙusa ya ce in Inna ta yarda, ga mota nan, ya je unguwar Kongo ya sa a ƙulla abinci a leda na mutum ɗari uku.

Inna Jummai ta dube shi ido cikin ido, abin da ya ƙona ran Zaharaddeen fiye da wutar kwali.

“Isma'ila, ina raye ba za a ci abincin leda a walimar Malam ba. A tukunyata za a dafa.”

Zaharaddeen ya daki ƙirji. “Ka ji ko? Inna ta san wanda ta dogara da shi.” Ya juya ya ƙura wa Yari ido, ya daɗe yana kallonsa, har Yari ya fara ja da baya. “Injin nan naka fa? Wanda kake cika tayar tirela da shi.”

“A'a.”

“Iska ake nema. Wa ya fi ka iska a unguwar nan?”

“Injiniya, iskar taya daban, iskar tuwo daban.”

“To shi ke nan. In an tambaya sai in ce Alhaji ya dawo daga ɗakin Allah, maƙwabcinsa na shekara ashirin ya hana shi iska. Iska, Yari! Abin da Allah ya ba kowa kyauta!”

Yari ya ɗaga hannu biyu sama. “Jama'a ku shaida, ba ni na ce ba.”

Fito da injin daga rumfa ya yi sauƙi. Shigar da shi lungu ne aiki. Tanki ne ja, tsawonsa ya kai gado, an ɗora a kan kurar ruwa, lungun kuwa irin wanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma gida. A kwana ta farko ya kankare shafen katangar wani malami. A ta biyu ya maƙale, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Masu dawowa daga masallaci suka taru a gaba, masu babur suka taru a baya suna hon, wata mai tallan fura ta miƙa ƙwaryarta aka karɓa ta sama, ita kuma ta bi ta ƙarƙashi. Zaharaddeen yana tsaye a kan tanki yana ba da umarni.

“Hagu! Hagu na ce!”

“Hagunka ko hagunmu?”

“Hagun inji!”

Sai da aka cire wa kurar ƙafa ɗaya, majiya ƙarfi shida suka ɗaga, sannan aka kai shi ƙofar gida. Nan zaure ya ce bai san zancen ba. Aka ajiye injin a waje, jikin rumfar da aka kafa wa baƙi, aka jefa tiyo ta kan katanga. Tiyo bai kai ba, aka ƙara da na ban ruwan lambu. Zaharaddeen ya shiga ya cusa bakin a bututun murhu, ya toshe gefe da tsumma, ya liƙe da taɓo. Mata sun sake haɗa 'yar wuta da kananzir da ƙyar da addu'a, tukwane uku na kai: shinkafa, nama, miya, kowacce tana nan yadda aka ɗora ta.

Aka yi La'asar. Rumfa ta cika. Malaman unguwa, 'yan kasuwa, ma'aikata daga Kongo, 'yan uwa daga ƙauye, kowa ya ci fari ya ɗora hula. Alhaji Yakubu na zaune a tsakiya kan darduma yana raba dabino da ruwan zamzam a ƙananan kofuna. Wasu sun fara shaƙar iska suna neman ƙamshin girki, ba su ji komai ba sai warin kwali.

Yari ya ja igiya, inji ya tashi da ƙara. Ya sunkuyo ya yi wa Zaharaddeen ihu a kunne: “A hankali za ka buɗe! Kaɗan-kaɗan!”

“Kaɗan-kaɗan ne ya kawo mu La'asar! A bari ta taru!”

Ya rufe makunnin gam, ya hau kan benci, ya gyara hular kwano, ya ɗaga murya sama da ta inji.

“Jama'a, assalamu alaikum! Ni ne Injiniya Zaharaddeen, babban surukin gidan nan. Babba, ba ƙarami ba. Abin da mata ke yi a awa huɗu, yau za ku ga an yi shi a minti biyar. Wanda yake da waya ya ɗauka, don gobe kar a ce ƙarya ne!”

Samari suka ɗaga wayoyi. Allurar agogon tanki ta wuce kore, ta wuce ɗorawa, ta shiga ja tana rawa. Yari ya tattara takalmansa ya koma bayan wata bishiya.

Zaharaddeen ya kwaɗa kira ta kan katanga: “Mata, ku matsa!”

Muryar Iya Mairo ta dawo: “Tun ɗazu muka matsa! Har wasiyya mun yi!”

Ya kama makunnin da hannu biyu ya murɗe shi har ƙarshe.

Mutanen Ƙofar Doka sun ce sun ji ƙarar. Duk tokar da murhun Inna Jummai ya tara tun farkon damina ta tashi sama gaba ɗaya, ta tsaya a kan gidan kamar hadari, sannan ta sauko. Murfin tukunyar shinkafa ya tsallako katanga yana juyi, ya daki rumfa, ya zame, ya gangara tsakanin ƙafafun baƙi yana ƙara, ya zo gaban Alhaji ya yi rawa ya kwanta. Tiyo ya fizge daga mahaɗinsa ya faɗo cikin jama'a yana huci yana bulala kamar maciji ya sha duka. Huluna suka tashi. Kujerun roba suka kife. Wani dattijo da ya shekara biyar yana tafiya da sanda, ranar nan sai a kan benci aka same shi, sandar tana ƙasa. Kazar Iya Mairo, wadda ke zaune a kan katanga tun safe tana kallon ikon Allah, iska ta ɗebo ta ta dire a kan hular Injiniya, tsoro ya sa ta saki ƙwan ranar, ya fashe ya gangaro ta inda gira take a da.

Yari ya lallaɓo ya kashe inji.

Mutum ɗari uku da suka zo cikin fari, babu fari ko ɗaya. Alhaji yana nan riƙe da kofin zamzam, toka na yawo a kai. Isma'ila ya buɗe baki zai yi magana, toka ta fito.

Zaharaddeen ya share ƙwai daga ido ya yi gyaran murya. “Wannan gwaji ne. Yanzu bututu ya wanku, saura a...”

Labulen zaure ya ɗaga.

Rabon da a ga Inna Jummai a ƙofar gida da rana, a gaban maza, har an manta. Ta fito fari fat da toka tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, muciya a hannu, mayafi a kafaɗa, ba ta ko ja shi ba. Maza suka sunkuyar da kai, suka buɗa mata hanya. Ta zo ta tsaya a gaban benci.

“Zaharaddeen.”

Wani ya yi salati. Alhaji Yakubu ya rufe fuska da hannun riga. Zaharaddeen bai san lokacin da ya sauko daga benci ya durƙusa ba.

“Na'am, Inna.”

“Ɗago ka dube ni. Shekara tara ina jin kunyarka, ashe kai ba ka jin ta kowa. Tsinke ɗaya, Zaharaddeen. Tsinken tsintsiya guda ɗaya ya rage in tura. Shekara talatin ba a taɓa jiran tukunyata ba, yau dubi bayin Allah.”

Bayin Allah suka yi ta kakkaɓe hula, kowa na yi kamar ba ya ji.

“Yari, je ka ɗauko fatar akuyar nan ta babanka.” Ta nuna zaure da muciya. “Kai kuma, Zaharaddeen, wuce. Tunda iska kake so, yau za ka ba da ita da hannunka.”

Aka fito da tabarmi, aka ba baƙi ruwa suka wanke fuska. Liman ya ga halin da ake ciki, ya miƙe ya fara wa'azi a kan haƙuri, ya yi ta ja, in ya kai ƙarshe sai ya leƙa zaure ya koma farko. A ciki kuwa an zaunar da Injiniya a ƙasa, ƙafafu a miƙe, zuga-zugi a tsakani, dama na sauka hagu na tashi. Wuta ta kama tun a minti na biyar, ja wur, jiƙaƙƙen ice na ta ƙara. Sai dai in ya tsaya ta tsaya. Iya Mairo ta jawo tabarmarta kusa, in ya sassauta sai ta ɗan taɓa shi da sanda.

“Angona, a Legas haka ake yi?”

Ya ci gaba da zuga yana haki.

Sai bayan Magariba aka fitar da abinci. An ci, an yaba, wasu sun ce ɗan ƙamshin hayaƙin nan ma ya ƙara wa miyar daɗi, amma kowa ya san an jira, kuma samarin nan ba su ɗaga wayoyinsu a banza ba. Saura tukunyar mata, don haka Injiniya na nan a zaune yana zuga, riga ta jiƙe sharkaf, ɓawon ƙwai a kunne.

Hafsat ta kawo masa ruwa a moɗa. Ta tsaya a kansa ta ma rasa ta inda za ta fara. Ya sha, ya yi ajiyar zuciya, ya yafito ta da kai. Ta sunkuyo, a zatonta haƙuri zai bayar.

“Kin ƙirga?”

“Na ƙirga me?”

“Sau uku ta kira sunana. A gaban mutum ɗari uku. Isma'ila da sansa guda, shi ma sau uku ya samu, kuma a cikin gida.”

Hafsat ta ɗauke moɗar ta yi gaba. Zaharaddeen ya ci gaba da zuga, yana murmushi. Can sai ya karkata kai, ya kasa kunne a jikin fatar ta hagu, ya ɗan matsa ta, ya girgiza kai irin na masana.

“Wannan ma tana zubar da iska ta gefe. Hafsat, miƙo min akwatina, minti biyu ne.”

Daga bakin murhu, ba tare da an juya wa bango ba, murya ta taso har sai da kaza ta firgita:

“Zaharaddeen!”

Ya saki fatar da sauri ya ci gaba da zuga. Sai da ya tabbata muciya ta koma cikin tukunya, sannan ya dubi Iya Mairo ya ɗaga mata yatsu.

“Huɗu.”